Yadda Ake Bin Sawun Tsohon Layin Dogon Hijaz Idan An Je Hutu Saudiyya Ko Jodan

Layin dogo ba ya ɓacewa duka don an daina amfani da shi. Ana iya kwashe ƙarafan a sayar, rufin tasha ya rufta, amma cikon ƙasar da aka yi wa layin da gadojinsa da rijiyoyin da jirgi yake shan ruwa suna daɗewa fiye da mutanen da suka gina su. Wanda ya san abin da zai duba zai iya bin layin a ƙafa ko da babu ƙarfe ko guda a ƙasa.

Zan yi bayanin ne da layin Hijaz, domin shi ne wanda mutanenmu suka fi wucewa ta gefensa ba tare da sun lura ba. Sarkin Turkawa Abdulhamid na biyu ne ya sa aka fara gina shi a 1900 daga Dimashƙu, ya isa Ma'an da ke kudancin Jodan ta yau a 1904, Tabuka a 1906, Madina a 1908, wato shekara uku kafin dogo ya iso Kano. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 1,300, kuma wani kaso na kuɗinsa gudummawa ce ta Musulmi daga ƙasashe daban-daban. Tafiyar da ayarin raƙuma yake yi a kwana arba'in ta koma 'yan kwanaki. An yi niyyar kai shi Makka, ba a kai ba. A yaƙin duniya na farko dakarun Sharif Husaini na Makka, tare da hafsoshin Ingila irin su T. E. Lawrence, suka yi ta fasa shi da nakiya, kuma bayan shekarun 1920 ɓangaren kudu ya mutu. Abin da za ka koya a nan zai yi maka aiki a kan kowane mataccen layi a kowace ƙasa.

Kayan da za ka tanada

Waya mai kyamara mai kyau da fawa banki cike da caji. A cikin wayar ka saka Google Earth, da wata manhajar taswira da take aiki babu intanet, irin su Organic Maps ko OsmAnd, ka sauke taswirar yankin tun kana otal. Tef ɗin awo na tela ko na kafinta, wanda ya kai mita biyu. Ƙaramin buroshi ko tsohon buroshin haƙori, da gorar ruwa ta daban don wanke rubutun da ke jikin ƙarfe. Tocila. Littafin rubutu da biro, domin waya tana ɗaukar zafi a rana ta mutu daidai lokacin da kake buƙatarta.

Takalmi rufaffe mai kaurin ƙasa, ba silifas ba, saboda ƙaya da tsatsar ƙarfe da kunama. Hula ko rawani, riga mai dogon hannu, da rigar sanyi idan da hunturu ne. Ruwan sha aƙalla lita huɗu ga kowane mutum a yini, da wani a ajiye a mota wanda ba a taɓawa. Fasfo ɗinka ko hotonsa da na bizarka, domin akwai shingayen jami'an tsaro a manyan hanyoyi.

Abu biyu kuma ka bar su a gida: ƙaramin jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi, da na'urar gano ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa. Zan faɗi dalili a gaba.

Mataki na 1: Duba bizarka da lokacin tafiya

Kafin komai ka tabbatar bizar da ke hannunka ta ba ka damar fita yawo. Bizar aikin Hajji ba ta yawon buɗe ido ba ce, kada ka ɗauki mota ka nufi Tabuka da ita. Idan Umra ka je ko ziyara, ka tambayi kamfanin da ya yi maka biza ya faɗa maka iyakarta a rubuce, saboda dokokin suna canzawa. Tashar Madina kam tana cikin gari, duk wanda ya isa Madina zai iya ganinta.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Maris. Da bazara zafin Madina yana wuce digiri 40, kuma a bakin mataccen layi babu inuwa sai ƙarƙashin gada. Hunturun ma yana da nasa: dare a Ma'an da Tabuka sanyi ne mai shiga ƙashi, sannan a lokacin ne ruwan sama yake sauka ya cika kwaruruka cikin mintuna.

Mataki na 2: Fahimci abu biyu da suke juya jirgin ƙasa

Wannan ne kaɗai karatun da kake buƙata, kuma duk sauran matakan a kansa suka dogara.

Na farko, jirgin ƙasa ba ya son hawa. Ƙafarsa ƙarfe ce a kan ƙarfe, santsi gare ta, don haka da wuya ka ga layi yana hawa fiye da mita biyu a cikin kowace mita ɗari. Ba ya kuma iya shan kwana mai kaifi. Saboda haka inda mota za ta hau tudu ta gangara, magina dogo sai su tsaga tudun su wuce ta ciki. Inda ƙasa ta yi kwari sai su yi ciko har ta daidaita. Inda dutse ya tare hanya sai su zagaye shi da kwana mai faɗi. Duk abin da ka gani a ƙasa wanda ya miƙe a daidaice, bai damu da hawa da saukar da ke gefensa ba, ka zarge shi.

Na biyu, jirgin wancan zamani da kwal da tururi yake tafiya, kuma yana shan ruwa da yawa. Shi ya sa layin Hijaz ya bi tsohuwar hanyar alhazan Sham, inda dama akwai rijiyoyi da tafkunan da aka gina wa ayari. Tashoshinsa suna kusan kowace kilomita ashirin, wasu don ruwa, wasu don sojojin da suke gadin layin. Idan ka sami tasha ɗaya, ka riga ka san nisan da za ka nemi ta gaba.

Mataki na 3: Nemo layin a taswira tun kana gida

Rabin aikin a nan yake, kuma wanda ya tsallake shi zai ƙare da ƙona man mota a banza.

Ka buɗe shafin OpenRailwayMap a kwamfuta, domin allon waya ya yi ƙanƙanta. Shafin yana nuna layukan da suke aiki da waɗanda aka watsar, kowanne da irin zanensa, matattun yawanci da layi mai tsinke-tsinke. Ka fara daga Madina ka bi arewa, ko daga Amman ka bi kudu. Ka rubuta sunayen tashoshin da ka gani a jere. Masu sa-kai ne suke zana wannan taswira, don haka wani wuri za ka tarar da giɓi. Kada ka ɗauka layin ne ya ƙare a nan.

Sai ka koma Google Earth ka nemi wuraren nan a hoton tauraron ɗan'adam. Daga sama, cikon layin yana fitowa kamar doguwar kunya guda ɗaya a gonar da ba a shuka komai ba, launinsa ya ɗan bambanta da na ƙasar gefe. Hanyar motar sahara tana karkacewa yadda ta ga dama, tana rabuwa biyu ta sake haɗewa. Dogo ba ya haka, kwanarsa a tsare take. Duk inda wannan layi ya haɗu da busasshiyar ƙorama, ka matso da hoton sosai, za ka ga gada ko kwalbati, ko ginshiƙan da ruwa ya bari. Kusa da manyan tashoshi ka nemi inda layin ya rabu gida biyu ko uku, da wata siffa mai kusurwa uku wadda ake juya kan jirgi a kanta.

Wurin da ya fi daɗin koyon wannan shi ne Batnul Gul, kudu da Ma'an, inda ƙasa ta gangara daga tudu zuwa sahara. A can za ka ga yadda layin ya yi ta lanƙwasa don ya sauka a hankali. Wanda ya kalli wannan wuri sau ɗaya ba zai ƙara rikita dogo da hanyar mota ba.

Google Earth yana da maɓallin tsofaffin hotuna. Ka yi amfani da shi, musamman a cikin garuruwa, inda gini ya cinye layin a 'yan shekarun nan. Hoton da aka ɗauka da safe ko da yamma ya fi nuna cikon, saboda inuwa. A cikin gari kuma, idan ka ga wani titi ya ratsa unguwa a karkace da kwana mai faɗi, gidaje duk sun juya masa baya, sau da yawa tsohon layi ne aka zuba wa kwalta.

Duk abin da ka gano ka dasa masa alama, ka ba shi suna da za ka gane, sannan ka tura alamomin zuwa manhajar da take aiki babu intanet. Ka kuma kwafe lambobin wuraren mafi muhimmanci a littafinka. Wajen bincike a intanet ka gwada sunan tasha da rubutun boko iri-iri da kuma na Larabci, domin tasha ɗaya tana iya samun rubutu uku: Buwair, Buwayr, Bueir. Wanda ya yi makarantar allo ko Islamiyya yana da riba a nan, hotunan da 'yan ƙasa suke sakawa da sunan Larabci ake samun su.

Idan ba ka da kwamfuta, wayar ma za ta yi, sai dai haƙuri. Idan kana son gwada idonka kafin tafiya, nemi sawun ƙaramin layin da ya taɓa haɗa Zariya da Jos, wanda aka rufe a 1957, ka ga ko za ka iya binsa a hoton sama.

Mataki na 4: Fara da tashoshin da aka gyara

Kada ka fara da sahara. Ka fara da inda aka adana kayan, don idonka ya san kamanninsu da cikarsu kafin ka je inda sai gutsattsari.

A Madina tashar tana unguwar Ambariyya, tafiyar ƙafa ce daga Masallacin Annabi (SAW) ga mai lafiya. Doguwar tasha ce ta baƙin dutse, an mayar da ita gidan tarihi, akwai kawunan jirage da taragai a harabarta, kuma a gabanta akwai masallacin Ambariyya mai hasumiya biyu irin ginin Turkawa, wanda aka gina tare da ita. Lokutan buɗewa suna canzawa, musamman da azumi, ka tambaya a otal kafin ka fita. A Tabuka ma an gyara gine-ginen tashar, suna tsakiyar gari. A Mada'in Salihu, kimanin kilomita ashirin arewa da Al-Ula, akwai babbar tasha da rumfar gyaran jirage, amma tana cikin yankin tarihi da ake shiga da tikiti, ba a shiga kai tsaye. Akwai kuma waɗanda ba sa son shiga wannan yanki saboda hadisin da ya yi magana kan gidajen Samudawa. Wanda yake da wannan damuwa ya tambayi malaminsa, kuma ba zai rasa abin gani ba idan ya tsaya a Madina da Tabuka.

A Jodan, tashar Amman tana unguwar da ake kira Mahatta, da ɗan gidan tarihi da tsofaffin jirage. A kudancin birnin akwai gada mai baka goma, hawa biyu, wadda har yanzu take tsaye. Katrana tana kan babbar hanyar sahara, kimanin kilomita 90 kudu da Amman. A Ma'an kuwa, ɗaya daga gine-ginen tashar shi ne inda Abdullahi ɗan Sharif Husaini ya sauka a 1920 kafin ya zama sarkin Jodan na farko.

A waɗannan wurare ka tsaya ka kalli abu huɗu da kyau: yadda aka sassaƙa dutsen bango, siffar tankin ruwa, siffar ƙarafan da ake shimfiɗawa a gicciye ƙarƙashin dogo, da farantin da ke jikin kan jirgi mai ɗauke da sunan maƙera da shekara. Za ka ga sunayen kamfanonin Jamus irin su Hartmann da Krauss da Jung. Ka ɗauki hotonsu, su ne ma'auninka a gaba.

Ɓangaren Siriya, har da kyakkyawar tashar Dimashƙu, ka bar shi sai ka tabbatar da halin tsaro daga majiya mai ƙarfi.

Mataki na 5: Shirya mota da wanda zai kai ka

Tashoshi da yawa suna kusa da kwalta, ƙaramar motar haya ta isa. Buwair, kimanin kilomita ɗari arewa maso yamma da Madina, tana cikin waɗannan, kuma a can akwai kan jirgi da taragansa a tsaye a gaban tashar. Irin su Hadiyya kuwa, inda wani kan jirgi yake kwance a gefensa cikin rairayi, sai da motar sahara irin Hilux ko Land Cruiser, da direban da ya san wurin. Kada ka shiga rairayi da motar da ka ɗauko haya a filin jirgi. Inshorarta yawanci ba ta rufe barin kwalta, kuma idan ta kafe babu mai wucewa.

Ƙa'idata ita ce mota biyu idan za a bar kwalta da nisa, tanki cike, tayar safaya mai iska, da wani a gari wanda ya san inda kuka nufa da lokacin da ya kamata ku dawo. Ku fita bayan sallar asuba, ku juyo kafin azahar.

Da direba ku yi ciniki a kan yini, ba a kan nisa ba, ka kuma gaya masa tun farko cewa za a yi ta tsayawa. In ba haka ba zai ɗauka wuri ɗaya za ka ɗauki hoto ku koma. Ka nuna masa hoton tashar a waya, ya fi bayani. Wajen tambayar hanya, dattawa da makiyaya sun fi matasan gidan mai sani. Ka yi sallama, ka gaisa sosai, sannan ka tambayi «mahatta» (tasha) ko «sikkatul hadid» (layin dogo) ta Turkawa. A Madina ka ƙara da cewa tsohuwar kake nufi, don kada a kai ka tashar jirgin zamani na Haramaini da aka buɗe a 2018.

Idan babu kuɗin motar sahara, ba ka yi asara ba. Zaɓi wuri ɗaya inda taswirarka ta nuna layin ya matso kusa da kwalta, ku ajiye mota, ka taka kilomita ɗaya a kan cikon ka dawo. Abin da za ka gani a wannan tafiyar ƙafa ya fi abin da mai gudu a mota zai gani a yini.

Mataki na 6: Karanta wurin idan ka isa

Kada ka ruga cikin ginin. Tsaya daga nesa ka nemi cikon layin tukuna, ka ga ta inda ya shigo da ta inda ya fita. Tasha tana zama a gefe ɗaya na layin, fuskarta tana kallonsa. Daga nan sauran abubuwa za su faɗo a wurarensu: tankin ruwa kusa da layi, rijiya ko tafki a bayansa, barikin soja a ɗan nesa ko a kan tudu. Tashoshin kudu, tsakanin Tabuka da Madina, an gina su ne da shirin faɗa, za ka ga ƙananan tagogi na bakin bindiga a bango.

Sai ka hau cikon ka duba ƙasa. A ɓangaren Saudiyya an kwashe yawancin ƙarafan, amma tsakuwar da aka zuba tana nan, kuma da rana ta karkata za ka ga jerin ƙananan ramuka a gicciye inda ƙarafan ƙasa suka kwanta shekara da shekaru. A mafi yawan layin nan na ƙarfe aka sa, ba na katako ba, shi ya sa za ka ci karo da su an kafa su shingen gona ko garke a ƙauyukan kusa. Za ka ga noti da ƙusa, da baƙin garin kwal da tokarsa inda jirgi yake tsayawa.

Inda dogon yake nan, tsuguna ka duba gefensa, tsakanin sama da ƙasa. Maƙera suna buga sunansu da shekarar ƙira a wurin, rubutun ya ɗan taso. Share ƙurar da buroshi, zuba ruwa kaɗan, haska tocila daga gefe ba daga gaba ba, sai haruffan su fito. Idan ba ka gani ba ka taka gaba kaɗan, ana maimaita rubutun a jikin kowane ƙarfe. Shekarar da ka gani ta ƙirar ƙarfen ce, ba lallai ta shimfiɗa shi a nan ba, domin ana cire ƙarfe daga wani wuri a kawo wani.

Sannan ka auna faɗin layin, daga cikin wannan ƙarfe zuwa cikin wancan, a saman. Na Hijaz santimita 105 ne. Tsohon layin Najeriya 106.7 ne, na zamani irin na Abuja zuwa Kaduna 143.5. Idan ka manta da tef, yanki igiya ko zare daidai faɗin ka auna a masauki.

Gadoji su ne abin da ya fi burge ni a layin nan, kuma su mutane suka fi wucewa. Sauka ƙasa ka kalle su daga cikin kwarin. Bakunan dutse ne da aka jera da hannu, kuma yawan bakunan yana gaya maka irin ruwan da maginan suka yi tsammani a wurin da yau ka ga busasshe ƙayau. Inda ka ga baka biyu ko uku sun bambanta da sauran a launin dutse ko a aiki, gyara ne, ko bayan ambaliya ko bayan nakiya.

Kura-kurai uku da sababbi suke yi a nan. Na farko, ɗaukar tashar Wadi Rum, wurin yawon buɗe ido a saharar kudancin Jodan, a matsayin ta Turkawa. Jirgin tururin da ake ɗaukar hoto da shi a can yana kan reshen da ya nufi tashar ruwa ta Akaba ne, wanda aka buɗe a 1975 don jigilar ma'adinin fosfat. Faɗinsu ɗaya da na Hijaz, don haka tef ba zai raba maka su ba. Asalin layin daga Batnul Gul kudu ya miƙe zuwa Mudawwara a bakin iyaka. Na biyu, rikita ganuwar alhazai da tasha. A Katrana da Tabuka da wasu wurare akwai ƙananan ganuwoyi masu kusurwa huɗu da tafki a gefe, waɗanda suka girmi dogon da ɗaruruwan shekaru. Na uku, ɗaukar duk kankaren da aka gani a matsayin aikin farko. A shekarun 1960 Saudiyya da Jodan da Siriya sun fara aikin farfaɗo da layin, aka watsar bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1967, kuma wannan aikin ya bar nasa sawun.

Mataki na 7: Kiyaye kanka, kiyaye doka

Kada ka ɗauki komai, ko ƙusa ɗaya. A ƙasashen biyu kayan layin nan kayan tarihi ne a idon doka, kuma ƙarfe yana fitowa ɓaro-ɓaro a na'urar binciken kaya ta filin jirgi. Tashoshi da yawa a Saudiyya an kewaye su da waya. Idan ƙofa a rufe take, ɗauki hotonka ta tsakanin wayar, ko da ka ga inda wasu suka yanke suka shiga.

Na'urar gano ƙarfe kuwa tana da mummunan suna a yankin. An daɗe ana yaɗa cewa Turkawa sun binne zinariya a gefen layin da za su gudu, kuma masu neman ta sun haƙe ƙarƙashin tashoshi da yawa har bango ya zube. Baƙon da aka gani da na'ura ko shebur, a cikinsu za a lissafa shi. Ramukan da suka bari ma haɗari ne, ka riƙa duba inda kake sa ƙafa. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi yana buƙatar izini a ƙasashen biyu, ana iya karɓe shi tun a filin jirgi.

Kusa da iyaka, wato Mudawwara ta ɓangaren Jodan da Halat Ammar ta ɓangaren Saudiyya, kada ka yi yawo ba tare da ɗan ƙasa da ya san dokar wurin ba, kada kuma ka ɗaga kyamara wajen soja ko shingensu. An yi yaƙi a kan layin nan, har yau ana tsintar harsasai da ɓaraguzan bama-bamai. Duk ƙarfen da ba ka gane ba, musamman mai siffar gwangwani ko kwalba, kada ka taɓa shi ko da ƙafa.

A cikin gini, duba sama kafin ka shiga, kada ka hau bene ko rufi. Rijiyoyi da tankunan ƙasa a buɗe suke, wasu rairayi ya rufe bakinsu rabi. Kada ka zura hannu ƙarƙashin ƙarfe ko cikin kwalbati, nan maciji da kunama suke fakewa. Idan ka ga hadari ko daga nesa ne, fita daga kwari, kada kuma a ajiye mota a ciki.

Wani abu da ake mantawa: ba duk layin da ya yi tsatsa ne matacce ba. A kewayen Amman jirgin yawon shaƙatawa yakan bi tsohon layin lokaci-lokaci. Idan saman ƙarfen yana ƙyalli, ana amfani da shi. Kada ka taka kan gada ko ka shiga ramin dutse a irin wannan wuri.

Mataki na 8: Rubuta abin da ka gani kafin ka kwanta

Bayan tasha ta huɗu duk za su fara yi maka kama da juna. Don haka a kowane wuri hoton farko ya zama na allon wayar abokin tafiyarka yana nuna taswira, ko na shafin littafinka da ka rubuta sunan wurin. Sai hoto daga nesa wanda ya haɗa tasha da layi, sai kowane gefe na ginin, sai ƙananan abubuwa da biro a gefensu don a gane girmansu. Ka kunna adana wuri a kyamarar wayar.

Da dare ka zauna ka rubuta sunan tasha, lambobin wurin, abin da yake tsaye, abin da ya rushe, rubutun da ka karanta a ƙarfe, da abin da mutanen wurin suka gaya maka, ka ware shi daban da abin da idonka ya gani. Idan ka tarar da gada ko tasha da babu ita a taswira, kana iya buɗe asusu kyauta a OpenStreetMap ka ƙara ta, daga can OpenRailwayMap yake ɗaukar bayanansa. Amma wurin da ka ga kayan ƙarfe a zube babu shinge babu mai gadi, kada ka baza lambobinsa a Facebook, masu sayen tsohon ƙarfe ma suna karatu. Hoton da sunan yankin sun isa.